Hawa na Uku Ƙarƙashin Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ina gadin ramin nan
a ƙarƙashin wani titi na Torino,
inda motoci ke kwana kamar shanu a garke.
Ba na ɗaura agogo. Kukan ƙofar ƙarfe ya ishe ni.

Ubana, Osvaldo, tayoyi yake ɗaurawa a masana'anta.
Shekara sha huɗu yana sallamar motocin wasu
kafin ya riƙe sitiyarin kansa.
Ran da ya kawo ta, 'yar ƙarama, ruwan toka,
unguwa ta fito kamar an ga wata.
Sai da uwata ta goge takalmi sannan ta shiga.
Mu shida muka cusu, kwandon burodi a cinyata,
muka tafi bakin kogin Po,
inda ƙafa ke kai mu kullum ba gajiya.

Daga nan ƙarfe ya yi ta haihuwa.
Gida mai ɗaya ya koma mai biyu.
Filin ƙwallonmu aka shafe da kwalta,
aka sare itatuwan layinmu, aka ja farin fenti.
Da sama ta cika, sai aka haƙa ƙasa.
Cunkoso ne ya ci da ni, ba zan zage shi ba.
Gurbi ɗari biyu da arba'in, hawa uku,
manyan mutane na kawo mini gaisuwar cuku da gahawa
don sunansu ya hau kan jerin masu jira.

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Ruwa ba ya tsami banza, an ce,
ni dai harshena bai ji da wuri ba.
Likita Gualtiero ya rasu,
'ya'yansa suka sayar da tasa, ba su sayi wata ba.
Gurbi na saba'in da bakwai ya yi wata shida wayam,
sai tabon baƙin mai, mai kama da tafin hannu.
Jirgi ya ratso ta ƙarƙashin gari, ya zama maƙwabcina,
ina jin tarinsa ta bango.

Jikata Fiorenza ta haura ashirin da biyar, ba lasisi.
"Kaka, me zan yi da ɗakin da shi ma sai an kama masa ɗaki?"
Takan latsa waya, mota ta zo, ta sauke ta, ta wuce.
Ba sabo, balle bankwana.

Amma Rodel, mai share mana matakala,
ya miƙo mini hoto wata Talata:
ƙanensa a Manila, jingine da sabuwa fil,
jan ƙyalle a goshinta, bashin shekara biyar a wuyansa,
haƙora duk a waje.
Awa uku yake yi a hanya kafin ya ga ƙofar ofis.
Na matso da hoton kusa da fitila.
Fuskar ubana ce.
Na yi shiru. Mai ƙoshi ba ya yi wa mayunwaci wa'azin azumi.

Bara aka ba wasu samari hayar hawa na uku.
Laimar kwaɗi suke nomawa, irin ta ci,
a buhunan tuƙar gahawa, cikin duhu da laima.
Fararen layukan na nan, lambobin ma,
a kan ɗari biyu da takwas ta fi yin kyau.
Hawa na biyu rabi kekuna ne, masu shigowa ba sallama.

Makullin motar Osvaldo na aljihuna har yau.
Ita kam ta zama cokula ko gwangwanaye, Allah masani.
Da bakinsa nake tsaga wa yaran nan buhu da safe,
su ce in ɗebi na miya,
in hau sama da leda a hannu,
in tsaya jiran bas mai lamba sha biyar.